Garmahon Baba ya daina tsalle

Unguwar Briqueterie, Asabar, ƙarfe biyar saura kwata, bayan na saurari faifan sau uku.

Yaya Asabe,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya maigida da yara, yaya zafin Garoua?

Hankalina ya kwanta, garmahon Baba ya gyaru. Tun da aka ba da hayar falo muka mai da garmahon ɗakin Inna, allurar take tsalle a waƙa ta biyu ta faifan da Baba yake so. Na ɗauka ni na karce shi, ga shi babu inda za a samu wani yanzu.

Inna ta ce, "Ɗora masa kuɗin ƙarfe na dala biyar a kan allurar, haka kowa yake yi." Na ƙi, don nauyi yana cinye faifai.

Malam Buba mai gyaran rediyo ya zo, ya ajiye kofin ruwa a kan teburin da garmahon yake kai, ruwan ya karkata. Ya ce, "Mai digiri, daɓen ɗakin ne ya gangara." Muka sa kwali a ƙarƙashin ƙafa biyu na teburin, ya daidaita nauyin bayan hannun da ke riƙe da allurar. Waƙar ta tafi har ƙarshe, Inna tana bi a hankali.

Abin da ban sani ba: shekarun allurar, da ko tsallen ya bar rauni a faifan, da ranar da zan samu aiki.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Goggo.

Ƙaninki, Sani