Bindigar da Baba Bai Taɓa Harbawa Ba

Iskandariya, 6 ga Satumba, 1992

Zuwa ga ƙanwata Gazala,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da 'yan matan makarantarki.

An cire bindigar Baba daga cikin kayan da za a nuna a gidan tarihin Alamen, a bikin cika shekara hamsin da yaƙin da Ingila da Jamus suka gwabza a can. Ni na cire ta da hannuna. Sauran ƙananan bindigogina za su tafi, ta Ingila da ta Italiya da sauransu, domin kowace na san hannun da ta fito da hannun da ta faɗa.

Ga dalili. Tun da ta dawo wurina bayan rasuwar Inna ban taɓa kwance ta ba. Mutanen gidan tarihin suka nemi a duba lambobin ciki, sai na cire katakon mariƙin. Bindigar dai ƙirar Jamus ce, irin wadda ake kira Luga, an ƙera ta a 1940, kuma lambar da ke kanta ita ce a kan kowane ƙarfe nata. Wannan duk daidai ne. Amma a cikin katakon, ta gefen da ido ba ya gani, an sassaƙa alamar raƙuma da bakin wuƙa: sanda biyu da zobe. Kin san tamu ƙugiya ce da ɗigo. Ba wanda yake zana alamar wani gida a kan abinsa.

Abu na biyu kin san shi, mun dai saba ne har muka daina gani. Ba ta da gidan harsashi. Wanda ya ƙwace bindiga a hannun hafsa yana raye, da gidan harsashinta yake ƙwacewa.

Katin da kika rubuta, "Abdurrazik ya ƙwace ta daga hannun hafsan Jamus a kusa da Barrani," yana nan a aljihun teburina. Shekara ashirin da wani abu ina aikin jarida ban buga labari da bakin mutum ɗaya ba. Wannan kuwa da na zauna na bincika, ko bakin mutum ɗaya ba shi da shi. Ni ban taɓa ji daga bakin Baba ba. Ke kin ji?

Ki gaishe da Goggo Zahiya idan kin je Barrani.

Yayanki,
Miftah

Matruh, 13 ga Satumba

Yaya Miftah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ko in ce muna lafiya kafin wasiƙarka ta iso.

Sannu, Malam Edita. Labaran masu mulki sun ƙare maka ne, ka koma gyara labarin ubanka? Mutumin da ya cika ɗaki guda da tarkacen ƙarfen Turawa, kowanne da katinsa kamar jariran asibiti, yau ta gidanku ce ka ga ba ta cancanta ba.

Na riga na faɗa wa malamai. Na yi wa 'yan aji shida alkawarin mota zuwa Alamen, su ga sunan mutumin ƙasarsu a bayan gilashi, ba sunan Bature kaɗai ba. Me zan ce musu yanzu?

Ka tambaye ni ko na ji daga bakin Baba. Ban ji ba. Amma Baba me ya taɓa faɗa? Mutumin da zai yini bai ce komai ba sai "a ƙara shayi." Na dai gan shi kowace Juma'a yana goge ta da man zaitun, ya naɗe ta a farin ƙyalle. Mutum ba ya yi wa abin kunya irin wannan hidimar.

Ka san abin da kake buɗowa kuwa? Idan alamar wani gida ce a kai, mutane abu biyu za su ce: ko ya sata, ko ya kashe mai ita. Kai kana Iskandariya, ni nake zaune a cikinsu. Ka tuna ranar aurenka, yadda kowa ya harba sama, har masu tsofaffin bindigogin farauta, Baba yana tsaye hannu a baya. Ka tuna Kawu Faraj yana cewa a gaban jama'a, "Abdurrazik, taka ta tsufa ne ko kunya take ji kamar amarya?" Ranar na shiga bayan tanti na yi kuka. Labarin Bajamushen nan shi kaɗai ne yake rufe bakin irin su Kawu Faraj, shi kuma za ka ƙwace mana.

Ka mayar da katakon inda yake, ka ɗaure, ka aika da ita. Wa zai leƙa ciki?

Na aiko maka da ɓaure a hannun direba, ko da yake ba ka cancanta ba.

Ƙanwarka,
Gazala

Iskandariya, 21 ga Satumba

Gazala,

Gaisuwa mai yawa. Ɓauren ya iso, na gode.

Wa zai leƙa ciki? Na riga na leƙa.

Na je kasuwar tumaki ta Hammam da zanen alamar a tafin hannuna. Dattawa biyu, kowanne na same shi daban, sun ba ni amsa ɗaya: alamar gidan Buraik ce, waɗanda dā suke kudu da Barrani. Sun tashi gaba ɗaya bayan yaƙi suka koma Buhaira. Da na tambayi abin da ya tashe su, ɗaya ya juya yana taya rago, ɗayan ya ce, "Kai ɗan wa ka ce?" Da na ce ɗan Abdurrazik, sai ya miƙe tsaye ya sake gaishe ni da hannu biyu, ya ƙi ƙara ko kalma.

Ban san ma'anar wannan ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ma'ana ba. Na dai lura ba haka ake gaishe da ɗan ɓarawo ba.

Na rubuta zuwa Buhaira. Ke kuma ki je wurin Goggo. Ni idan na tambaye ta za ta ce ɗan jarida ne, ta rufe baki. Kada ki ambaci bindiga, ki ce mata kawai, "Wane ne Buraik?"

Yayanki,
Miftah

Matruh, 2 ga Oktoba

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Na je Barrani ranar Juma'a. Na tarar da Goggo a ƙarƙashin zaitun tana faɗa da awaki. Sai da muka sha shayi na biyu na jefa mata sunan. Ta ajiye kofi ta dube ni.

"Wa ya aiko ki? Wancan mai tabarau?"

Na ce eh.

"Na sani. Tun yana yaro in aka ba shi gurasa sai ya tambayi wanda ya toya."

Sannan ta fara. Ta ce lokacin da aka bar mutanenmu suka koma gida bayan yaƙi, sun tarar da rijiyoyi a rushe, ƙasa cike da nakiyoyi. Rijiya ɗaya mai ruwa ta rage a wajenmu. A kanta aka yi rigima, Buraik ya harba bindigar da ya tsinta a cikin wata ƙonanniyar motar Jamus, mutum ya faɗi. Kafin rana ta faɗi sai ga shi da duk danginsa, mata da yara da tsofaffi, sun durƙusar da raƙuma a ƙofar tantin Baba suna neman nazala, a riƙe su shekara guda har a sasanta jinin.

"Gidaje uku suka wuce kafin namu," in ji ta. "Kowa ya ce ba shi da hatsi. Mu ma ba mu da shi. Ubanku ya fito ya ce, 'Ku sauke kaya.' Shi ke nan jawabinsa."

Yaya, ka taɓa tambayar kanka ina garken kakanmu ya tafi, har muka tashi muna kiwon tumakin mutane? Cikinsu ya tafi. Baba ya yi ta yankawa yana sayarwa har shekara ta zagayo. Kai kana goye a lokacin. Ta ce dangin mamacin sun zo sau biyu da bindigogi, ya fita ya tsaya musu shi kaɗai, hannu a baya.

Na ce, "To bindigar fa?"

"Daren farko Buraik ya miƙa masa ita, don wanda ya sauka a gidan mutum ba ya riƙe makami. Da aka yi sulhu, sharaɗin shi ne Buraik ya bar ƙasar nan, kada ya sake takowa. Ranar tafiya ubanku ya ce ga abinka. Ya ce a'a, in aka gan shi da ita a hanya sulhun ya lalace. Ya zare gidan harsashin ya sa a aljihu, ya ce, 'Riƙe min wannan har wani nawa ya zo maka da rabinta.'"

Na ce, "Goggo, Bajamushen fa?"

Ta yi dariya har ta shaƙe. "Wane Bajamushe? Mutane sun ga bindigar Jamus suka ƙera mata Bajamushe. Ubanku bai ce eh ba, bai ce a'a ba. In ya ce ta Buraik ce, sai ya tuna wa marayu wanda ya kashe ubansu. Kina so ya yi haka don ya burge Faraj?"

Na ce ai da ya sayi wani gidan harsashin, hamada cike take da su.

"Ya harba abin wani? Ke ma kin yi karatu kin lalace."

Na dawo gida fuskata a sauye. Maigida ya tambaye ni ko mutuwa aka yi, na ce a'a.

Ka yaga katina. Amma ka ji sharaɗin Goggo: jikokin mamacin suna nan Barrani, biyu ma a makarantata suke, don haka sunan Buraik da maganar rijiya ba za su shiga jarida ko bayan gilashi ba. Na san hannunka yana ƙaiƙayi. Ka ɗaure shi a baya, kamar ubanka.

Allah ya ji ƙan Baba. Ka gaishe da matarka Nadiya da yara.

Ƙanwarka,
Gazala

Buhaira, 5 ga Oktoba

Zuwa ga Ustaz Miftah ɗan Abdurrazik,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka da duk gidanku.

Ni ne Sagar, babban ɗan marigayi Buraik. Wasiƙarka ta yi yawo kafin ta same ni a gonar lemo inda nake. Ba ka faɗi abin da kake nema ba, ka zana alamarmu kawai ka tambaya ko tamu ce. Tamu ce.

A tantin mahaifinka aka haife ni. Mahaifiyata ta ce da rigarka aka naɗe ni.

Mahaifina ya bar wani ɗan ƙarfe a cikin akwatin shayi. Kafin ya rasu ya ce in kai shi gidan Abdurrazik. Na san abin da ya raba mu da ƙasar, ban san ko ƙafata tana da izinin taka ta ba, kuma ban san ko akwai wanda ya rage yana tunawa ba. Shi ya sa na zauna.

Idan ɗaya rabin yana nan, zan zo. Ba bindiga nake bukata ba, ina so in ci abinci a gidanku da sanina. Ga lambar wayar kantin maƙwabcina a ƙasa.

Wanda yake ganin girmanku,
Sagar

Iskandariya, 11 ga Oktoba

Gazala,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki da ta Sagar ɗan Buraik rana ɗaya suka iso. Ga kwafin tasa a ciki. Ba su taɓa haɗuwa da Goggo ba tun yana jariri, kuma maganarsu ɗaya ce. Baki biyu ke nan.

Idan rabin ya dace, bindigar tasa ce, zan miƙa masa ita da takardun hukuma yadda doka ta ce. Ita ce mafi kyau a cikin abin da na tara, kuma ita kaɗai ce ba tawa ba. Na yi zaton zan ji zafi fiye da haka.

Mun yi magana ta waya. Na roƙe shi aron ta na wata guda don bikin, ya ce, "Gidanku ya riƙe ta kusan shekara hamsin bai nemi izini ba, kai wata guda kake roƙo?" Sabon katin layi biyu ne: "Ajiya a hannun Abdurrazik na Barrani. Ba a harba ta ba tun daren da aka ba shi." Ba sunan kowa bayan nasa. Ki nemi motar 'yan aji shida. In sun tambaye ki ajiyar wa, ki ce ta baƙo.

A nan gidana za a haɗu, tunda Barrani ba ta halatta gare shi ba sai dattawa sun ce. Ki zo da Goggo, ki zo da rago, Nadiya ta ce ba za ta dafa jar shinkafa ba in ba kya kusa. Kawu Faraj kuma, in ƙafarsa za ta iya hawa bene, ina gayyatarsa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Yayanki,
Miftah

Ƙarin bayani: ban ba mai bugawa katin ba tukuna. Masu ƙera irin wannan bindigar suna buga lambarta a gindin gidan harsashinta. Tamu 4718 ce. Sagar ya karanta min huɗu, bakwai, ɗaya, ya ce ta ƙarshen tsatsa ta rufe ta. Yana zuwa da shi ranar Alhamis.