Kaset ɗin da Kika Fitar daga Karantina

Zuwa ga Luba, sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Jidda, iskar Bahar Maliya mai ratso tagogin katakon tsohuwar unguwar Balad,

Assalamu alaikum. Ƙirjina cike yake da alfahari, kuma ke ce sanadi.

Kin tuna ranar da aka shafa wa bangonmu na unguwar Karantina jan fenti na rusau, aka ce mu tashi? Ina wajen aiki a tashar jiragen ruwa, kafili, ubangidana, ya hana ni fita. Maƙwabta na ta fitar da firiji da katifu, ke kuwa kika rungumo katan-katan na kaset ɗin da marigayi Baba ya shekara talatin yana tarawa daga hannun ma'aikatan jiragen China: tsofaffin finafinan nan na wasan waƙa, masu fuska fari da ja, masu hannun riga mai zuba kamar ruwa. Mata na dariya, suna cewa, "Halas, ya isa haka, ki bar sharar nan." Kika ce, "Abin da mijina yake so ba shara ba ne." Sawu bakwai kika yi zuwa mota, kaya a ka, cikin rana.

Jiya Fawaz, mai wani tsohon gida a Balad, ya ba ni zaurensa na nuna finafinan. Masu tara irinsu sun zo, wani har daga Riyad. Wata tsohuwa 'yar China da ta zo Umra ta zauna gaban allo tana bin waƙar da leɓɓanta, hawaye na zuba. Ta bakin ɗiyarta ta ce rabonta da fim ɗin tun tana budurwa, ta ɗauka ya ɓace. Ta tambayi wanda ya adana shi. Na miƙe na ce, "Matata, Luba." Ta yi ta maimaita sunanki har ya zauna a bakinta.

Wani ya nemi in sayar masa da su duka, na ƙi. Yaya zan sayar da abin da wuyanki ya ɗauka?

Amma ya farin watana, wata biyar ke nan kina garin Kasala kina jinyar Inna, Jidda ta zame mini rijiya babu ruwa. Wa zan waiga in kalla idan jarumar ta ja muryarta sama? Allah ya ba Inna lafiya. Na sabunta iƙamarki, takardar zamanki a nan. Da ta miƙe ki taho, a zauren nan zan zaunar da ke a sahun gaba, Jidda ta ga matar da nake faɗa.

Naki, yau da gobe har ranar da za a kai ni makwanci,
Rafi'u