Batirin da ke Bayan Keken Ɗinki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ba-Hutu ya tsaya. Ka san shi, injin Baba na ɗakin baya: batir ya juya fanka, fanka ta ja dinamo, dinamo ya mayar wa batir wutarsa. Shekara shida yana juyawa, amma washegarin rasuwar Umma ya yi shiru. Baba ya kwance shi sau huɗu. In ya yi masa caji ya tashi, kwana ɗaya ya sake mutuwa. Abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa. Wai hannunsa ne ya tsufa, shi ya sa injin ya ƙi gyaruwa. Tsoro nake ji kada ya bi ta.

Na san ba kwa ga maciji a kan injin nan, amma kai ke koyar da lantarki. Ka zo.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na samu wasiƙarki, Allah ya jiƙan Umma.

Babu abin gyarawa. Ki taɓa wayar injin in yana aiki, za ki ji ɗumi. Ɗumin nan wuta ce ta fita, ƙarar fankar ma haka, kuma ba sa dawowa. Kamar ki riƙa ɗibar ruwa da kofi mai yoyo ne kina mayarwa cikin bokitin, dole ya ƙare. Ranar da na faɗa wa Baba haka ya ce boko ya ci ni, ya nuna mini ƙofa. Yadda ya yi shekara shida kuwa, har yau ban gane ba, kuma abin na ci mini tuwo a ƙwarya.

In na zo ƙarya zan yi masa, ko in ƙara masa ciwo. Ki lallaɓa shi ya ci abinci.

Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Jiya mai cajin batir na bakin titi ya zo ta'aziyya. Da zai tafi ya ce, "Batirin Mama na nan wurina, ya cika tuntuni."

Na ce wane batir? Ya ce, "Wanda take kawowa kullum da safe a cikin kwandon cefane mana."

Na duba bayan keken ɗinkin Umma, ga wurin ajiyarsa, har da ƙaramar sifana a ɗaure cikin ƙyalle. Ashe batir biyu ne iri ɗaya. Baba na fita shago take sauyawa. Umma da ko kwan fitila ba ta yarda ta taɓa!

Na yi kuka har na gode Allah. In faɗa masa? Ramar da ya yi ta isa.

Auta

*

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida jikokina.

Auta ba ta iya ɓoye abu ba, na ga batirin a hannunta. Kai ke da gaskiya, babu abin da ke juyawa da kansa. Shekara shida ina taƙama na ƙera abin da ba ya buƙatar kowa, ashe da ciwon bayanta take ɗaukar mini shi. Ban taɓa ce mata sannu ba.

Na ci abinci yau. Ka zo mu kwance shi tare. Sifanar tata ce kawai zan ajiye.

Babanka