Tikitocina Ba Layu Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Lawali, a Gusau.

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Inna da yara duka. Ni ma alhamdulillahi, sai ido da ya fara dushewa. Hamad maƙwabcina a nan unguwar Hayyin Ashir a Masar ne ke rubuta mini, tunda ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ƙungiyar ƙwallon Ahli yake goyon baya, ni kuwa ɗan Zamalik ne, don haka na ce sai ya karanta mini sau biyu kafin a rufe.

Lawali, shekara tara ke nan ina tambayar akwatina. Lokacin da matata Mariam ta rasu na yi niyyar dawowa gida, na ba ɗanka Jibrin akwatin ƙarfen nan ya yi gaba da shi. Daga baya na kasa barin garin da kabarinta yake. Tun daga ranar, in na kira waya za mu yi hirar damina da ta farashin gero lafiya lau, amma da na ce akwati sai layi ya lalace. Ni tsoho ne, ba wawa ba.

Ka san abin da ke ciki. Tikitin kowane wasan Zamalik da Ahli da na shiga tun ina gadin gida da ƙarfina, da farin ƙyallen wuya na 'yan Zamalik mai jan layi biyu. Ba na karatu, amma miƙo mini kowane tikiti in gaya maka wa ya ci, da inda na zauna, da wanda na zaga.

To, shekaranjiya Abdulbasit, ɗalibin nan na unguwarku da ya zo karatu, ya kawo mini gaisuwa. Muna shan shayi ya ce ai albarkata ta cika unguwa. Na ce wace albarka? Ya ce Inna ta buɗe akwatin, ta ga takardu da rubutun Larabci daga Masar, ta ce addu'o'i ne na aiko. Wai an kai wa baduku ya ɗinke su layu, kowane jika da tasa, har maƙwabta na zuwa roƙo in yaro na haƙori. Ƙyallen kuwa, ya ce kai kake yafawa ranar Juma'a. Yana faɗa yana dariya, da ya dubi fuskata ya daina.

Gusau cike take da masu karanta Larabci, a rasa wanda za a nuna wa? Lambar kujera ce a jiki, da ƙofar shiga. Akwai na ranar da Ahli suka yi mana kaca-kaca na dawo gida a ƙafa don baƙin ciki, shi kuka rataya wa jariri. Hamad ya ajiye biro yana dariya, ya ce wannan layar kam tana aiki. Ma'alish, ba komai, zai gani a wasa mai zuwa.

Sauran duk na yafe, ku riƙe. Ɗaya nake so. Shuɗi ne, gefensa da shatin haƙori. Sau ɗaya tak na kai Mariam filin wasa. Ba ta san dokar ƙwallo ba, amma duk sanda aka nufo ragarmu sai ta rufe ido ta ciji tikitin. Da muka ci ta riƙe hannuna a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba. 'Yan'uwanta sun kwashe kayanta zuwa Sudan, hoto ma ba su bar mini ba. Yanzu tikiti a waya yake, ba abin da mutum zai riƙe. Ina so in taɓa wannan shatin kafin idon ya tafi gaba ɗaya.

A farke layun nan ɗaya bayan ɗaya. In yara sun yi kuka, su yi. Akwai ɗalibai masu tasowa bayan Sallah, a ba ɗayansu. Khalas, magana ta ƙare.

Ka gaida Inna, ka ce ban yi fushi da ita ba, da kai na yi, don kai ka san ko mene ne ka yi shiru. Ka gaida Jibrin da Nana Fatima da Fiddausi. Kada ka aiko mini da kilishi ko yaji. Amsa nake so, Lawali: shuɗin yana nan, ko babu? In babu, ka faɗa mini da bakinka.

Yayanka,
Abdurrahim