Usur Ɗin Majinyacina Zai Kashe Mini Aure

Anti, don Allah ki cece ni, kaina ya ɗau zafi. Ni nas ne a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a wani asibiti a Fagge. Muna da wani dattijo, bari in kira shi Malam Abdulƙahhar, tsohon ma'aikacin reluwe. Mutumin kirki ne, amma tun da ciwon ya tashi yake ganin ɗakin majinyata tashar jirgin ƙasa ce, shi ne shugabanta, ni kuma yaronsa. Ba ya shan magani sai na busa usur na sanar cewa jirgin Legas ya iso. Rannan bakina ya suɓuce na ce na Nguru, nan take ya kore ni daga aiki, sai da na ba shi haƙuri.

Dabarar tana ci. Yana cin abinci, yana barci, har sauran majinyata sun koyi bin layi. Amma shugabarmu ta ce ruɗu nake ƙara masa. Ƙanensa kuma ya dage mu ɗaure shi a gado mu riƙa daka maganin a kunu, wai haka suke yi a gida.

Babbar masifar tana gidana. Matata Adaugo, 'yar Sabon Gari, ta tsinci usur a aljihuna. Ranar Lahadi kuma tana sauke tukunya, ban san lokacin da na miƙe na ce fasinjoji su matso ba. A gaban mahaifiyarta! Yanzu surukata ta sa 'yan cocinsu suna yi mini azumi, Adaugo ta ɓoye wuƙaƙen kicin. Na kasa yi mata bayani, domin sirrin majinyaci amana ce da doka ta ɗora mana. Ya zan yi?

Nas Mai Usur, Kwaciri

Ɗana Mai Usur, sannu da hidima. Ka ɓoye wa matarka labarin, sai ka aiko wa duk Kano ta karanta. Ina fata ba sunan kaɗai ka canza ba.

Ƙanen nan ka ba shi amsa da ladabi: a'a. Dattijon da bai cutar da kowa ba, shi ma bai cutar da kansa ba, ba a ɗaure shi. Ɓoye magani a abinci kuma ba shawarar ɗan'uwa ko ta nas ba ce shi kaɗai; Malam yana da haƙƙin sanin abin da yake sha.

Shugabarku tana da gaskiya, kai ma kana da taka. Ka gano abin da yake kwantar masa da hankali, wato a girmama shi a kuma kiyaye lokaci. Ka kai wannan gaban likita ku tsara yadda za a janye jirgin a hankali. Usur na iya zama alamar lokacin magani ba tare da an yi masa ƙaryar Legas ba. Ku ba shi aikin duba agogo.

Adaugo kuwa, doka ba ta hana ka ce mata usur ɗin kayan aiki ne ba. Ba sai ka faɗi na wane ne ba. Ka nemi hutu, don wanda yake kiran fasinjoji a kan tukunyar shinkafa ya gaji. Surukarka ka yi mata godiya, ta ci gaba da addu'ar, amma 'yan cocin su ci abinci.

Allah ya ba Malam lafiya, ya dawo muku da wuƙaƙenku.