Ginshiƙin Ɗakin Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon ƙafarta?

Lafiyata ƙalau. Kada munin rubutun ya dame ka, da hagu nake yi. Ƙungiyar agajin da ta kawo mu ƙasar nan tana koyar da ginin da zai jure girgizar ƙasa, ni kuma nake gwada ginshiƙai da guduma. Na daki na wata makaranta, yashi ya zubo, na ƙi sa hannu a takardar amincewa da ginin. Ƙartin ɗan kwangilar da ya yi ginin suka danne ni, suka farfasa min yatsu uku da gudumar tawa. Kada Inna ta ji.

Amma don Allah ka fitar da ita daga ɗakin da na gina mata, yau ɗin nan. Ni na san abin da na zuba a ginshiƙinsa.

Ƙaninka