Ranar da Kika Kira Sunan Haruna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na daɗe ina aikin jarida, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da zan faɗa miki yau da idona na gan shi jiya a Birnin Kudu. Amma sai na fara daga tushe, domin masu karanta wasiƙar nan ba su san ki ba.

Ba su san kin yi shekara goma sha shida ba ki taɓa furta sunan Yaya Haruna ba. Ɗan farinki ne, kin haife shi shekarar da aka sauke tutar Turawa, ke kuma 'yar Zandam ce, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba kya haɗa ido da shi, ba kya zama inda yake zaune. In magana ta kama sai ki kira ni: "Binta, ce wa wancan ruwansa ya yi zafi." Alhali ga shi nan tsaye, taku uku tsakaninku.

Yaya bai yi kama da sauran samarin garinmu Sundimina ba. Yana noma, ba rago ba ne, amma hankalinsa yana wurin murhu. Miyar kukarsa ta fi tawa, muryarsa a sanyaye, tafiyarsa a hankali. Yana ƙarami mata suna yi masa dariya. Da ya tasa sai dariyar ta koma suna: ɗan daudu. A bakin rijiya a faɗa, a hanyar makaranta a faɗa, har yaran da ba su kai su ɗaga masa murya ba.

Wata rana muna tsigar gyaɗa ya ce da ni, "Binta, zuciyata ba ta zuwa inda ta abokaina take zuwa. Na yi addu'a, na yi azumi, tana nan yadda take." Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Wa kuma zai gaya wa? Baba yana jin kunyarsa, ke kina jin kunyarsa. Gida cike da masu ƙaunarsa, babu mai iya zama da shi.

Da maganar gari ta iso wa Baba a ƙofar masallaci, ni aka aika da hukuncin: ko ya sake hali, ko ya sake gida. Lokacin kuɗin mai ya shigo, kullum manyan motoci suna kwasar samari zuwa Kano. Shekara guda kafin nan ɗan maƙwabtanmu ya tafi a kan irin wannan magana, har uwarsa ta rasu ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ranar kasuwa da safe na tarar da tabarmar Yaya a naɗe. Da na gaya miki, kika bar koko a kan wuta, kika ja mayafi, kika ja hannuna. Ban taɓa ganin kin fita ba sallamar Baba ba sai ranar.

Mun same shi a tashar Birnin Kudu, yana zaune a kan buhuna a bayan wata babbar mota, direba ya riga ya tayar da ita. Kika ce, "Ce wa wancan ya sauko." Na ɗaga murya na faɗa. Ya kau da kai. Na sake faɗa, bai ko motsa ba. Motar ta fara gangarawa.

Sai kawai na ji muryarki, wadda ban san tana da wannan ƙarfin ba: "Haruna!" Matan garinmu masu tallar fura suka riƙe baki. Kika ƙara, "Haruna, sauko. Ni na haife ka." Ya bubbuga jikin motar, direba ya taka birki yana masifa, Yaya ya diro ko ƙunshin kayansa bai ɗauka ba. Daga baya ya ce mini har ranar bai tabbata kin san yadda ake faɗin sunan ba.

Abin da kika ce wa Baba da muka koma gida har yau yana kunnena: "Malam, an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To wannan ma bai ruɓe ba." Da aka kawo tuwo Baba ya ci, ya nemi ƙarin miya, kuma ya san wanda ya yi ta.

Ba zan ƙara gishiri ba, Inna. Gari bai yi shiru ba, ke ma ba kowane abu kika fahimta ba. Yaya bai yi aure ba, kuma ba ki taɓa tsare shi da tambaya ba. Amma ya zauna. Ya buɗe rumfar abinci a tashar da ya so ya ɓace daga cikinta, shi ya yi jinyar Baba har ƙarshe, kuma a kafaɗarsa kika jingina ranar da kika cika.

Kin tuna yadda mata suka riƙa zuwa ɗakinki a ɓoye, daga Sundimina har Gwaram, kowace da damuwar ɗanta ko 'yarta? Amsarki ɗaya ce: "Fara kiran sunansa, sauran maganar za ta biyo."

To jiya mun buɗe wa wannan amsa taki zaure. Ɗaki biyu ne kawai da tabarmi, domin matasa da iyayensu. Akwai tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da malamin makaranta, da wani malamin allo mai haƙurin sauraro. Wanda ya faɗi jarrabawa ya zo, wanda ya fara shan ƙwaya ya zo, yarinyar da ta daina magana ta zo, wanda ake jifa da sunan da aka jefi Yaya da shi, shi ma ya zo. Abin da aka faɗa a ciki, a ciki yake zama.

Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne daga Unguwar Ya, ɗan farinsa yana biye da shi, kai a sunkuye. Ya zauna ya juya wa yaron baya, ya ce, "Hajiya, ki ce wa wancan..." Na ce, "Baba, wannan aikin na ajiye shi a tasha tun ina 'yar shekara sha huɗu. Ga shi nan, ka gaya masa." Ya cire hula, ya share zufa, ya mayar da ita. Can sai ya ce, "Isa." Yaron ya ɗago kai.

Yaya Haruna, da furfurarsa, yana shigowa da tiren abinci a daidai lokacin. Ya ajiye shi a hankali, ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Kin yi nasara, Inna. Kira ɗaya kika yi, ga shi har yau ana amsawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya gafarta wa Baba. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah Ya sa a kira naki cikin masu rabo. Amin.

'Yar aikenki da ta yi murabus,
Binta